Kazar da Aka Sa wa Ƙwan Zabuwa

A gidanmu na Unguwar Lalle, idan sanyi ya shigo an gama zuba gero a rumbu, kakata Hajjo takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura gyaɗarsa cikin toka. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika, tana cewa ta yi asarar miji tunda ko itace ban taɓa kawo mata ba.

"Ga ta nan, ku tare ta kada ta wuce," haka take farawa. Mu ce ta iso, muna ji.

Wai wata mata ce ta tsinci ƙwan zabuwa a gona. A wajenmu kowa ya san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kaza ake sa wa ƙwan. Haka matar ta yi. Kaza ta kwanta har gashin ƙirjinta ya zube, ta ƙyanƙyashe, ta koya wa 'yan tsakin tono, ta yi ta faɗa da shirwa a kansu. Da fiffikensu ya yi ƙwari, wata magariba suka tashi fir, suka hau tsamiya. Kaza ta tsaya a gindi tana kira, suna can sama suna wani kuka da ba ta san shi ba. Damina na dawowa, matar ta sake kawo mata wani ƙwan.

A nan Hajjo take tsayawa. Wannan tatsuniya ba ta taɓa rufe ta ba, tambaya take yi.

"To, in da ku ne kazar ga, kuna sake kwanci?"

Yayyena suka ce Allah ya kiyaye. Ni kuwa na ɗaga murya na ce, "Ni za ni kwanta!"

"Ku ji maigidana," in ji ta. "Mutumin da ko kwancin barci bai iyawa sai ya shuri mutane."

Shekarar da na gama sakandare a Sabon Birni, Malam Isiyaku, wanda ya koya mini karatu a firamaren garinmu, ya zo har gida a kan kekensa. Ya kusa ajiye aiki, kuma malaman da ake turowa daga birni ba sa daɗewa. Ya nemi in shiga kwalejin horon malamai, in dawo in karɓi ajinsa. Ya ce ya lura yara kan yi tsit idan ina karatu. Na ce masa zan yi tunani.

Na yi tunanin, amma ba a kan yaran ba. Facin da ke tayar kekensa na duba, da irin dariyar da abokaina za su yi. Ko yini guda ban shiga ajin na gwada ba. Na zaɓi karatun aikin jarida.

Da na gaya wa Hajjo, tana bakin wutarta, lokacin ta tsufa ƙwarai.

"Shi malamin naka, ka hwaɗa mai?"

"Na faɗa masa."

"Mi yac ce?"

"Ya ce Allah ya ba da sa'a."

"Haka suka cewa," ta ce, tana gyara wuta. "Tahi abinka."

Yau shekaru ke nan ina karanta labarai a rediyo. Ina yaro, na yi ta jiran ranar da tatsuniyar za ta hukunta zabin nan, ba ta yi ba. Ni ma ba wanda ya taɓa ce mini na yi laifi. Hajjo ba ta ce ba har ta rasu. Malam Isiyaku kuwa, an ce mini idan ya ji muryata yakan ce wa na kusa da shi, "Ni na koya mai tsayawa wurin aya." Ban sani ba ko da na iya koyarwa. Abin da na sani shi ne ban bincika ba kafin in ce a'a.

Zuwana gida na baya-bayan nan, na tarar an haɗe ajin Malam da wani, don babu mai riƙe shi. 'Yar ƙanena Nafisa tana aji biyar. Ta kawo mini littafinta, ta kasa kai layi guda ƙarshe, sai na karɓa na karanta mata shafin. Ta tsura mini ido.

"Baffa, kai wa ya koya ma karatu haka?"

Na gaya mata.

"To, mu wa za shi koya muna?"

Magana ce sana'ata, da ita nake ci. Amma littafin kawai na rufe, na miƙa mata.