Taken da Festy Conneely Ya Hana a Rubuta

A yankin Connemara, can bakin teku a ƙasar Turawa, in aka yi biki babu Festy Conneely, amarya kan ji an rage mata daraja. Mabushi ne kuma maƙagin waƙa, gajere, ga taurin kai kamar na jaki. Algaitarsa mai salkar fata ce da ake matsawa a hammata, ba a sa ta a baki, don haka yatsu na aiki, baki na tsokanar 'yan rawa. 'Yar gonarsu ta dankali kuwa matarsa Sabina ce ke nome ta.

Ya yi waƙoƙi barkatai, har akuyar Fada, limamin cocinsu, sai da ya yi wa zambo. Amma abin da ya fi so a duniya wani take ne da ya sa wa suna Jiran Masunta, wanda ya kwashe shekara uku yana sassaƙawa. A al'adar wurin, babban take ba a cewa ɗan Adam ya ƙaga shi, sai a ce mutanen ɓoye ne suka bayar a gindin tudu. Kyautarsu kuwa ba a sa ta a takarda, duk wanda ya sa ta za su shanye masa yatsu. Festy ya yi ta faɗin haka har shi kansa ya yarda.

A shekarar 1843 wani Mista Tisdall, mai kiɗan coci a birnin Galway, ya zo ƙauyen su Festy yana rubuta taken gargajiya da ɗigo-ɗigo a kan layuka. Da ya ji Jiran Masunta sai da ya share ido. Ya ajiye fam guda a kan tebur, ya roƙi a bar shi ya rubuta.

"Yallaɓai, wannan kashin ƙudan naka ne zai riƙe mini take?" in ji Festy.

"Zai riƙe shi bayan ni da kai mun zama ƙasa."

"Ƙauyen nan kaf sun iya shi, har karen maƙwabcina. Sai dai in mutane ne za su ƙare."

Sabina ta dafe ƙirji. "Fam guda fa, Festy! Mutanen ɓoyen naka sun taɓa aiko mana ko da gishiri?"

"Yi mana shiru, baiwar Allah, suna jin ki."

Baƙo ya ɗauki kuɗinsa ya tafi, Sabina ta kwana uku ba ta yi wa mijin magana ba.

Bayan shekara biyu dankali ya ruɓe a cikin ƙasa, wari ya cika gonaki. Da shekara ta kewayo ya sake ruɓewa. Biki ya ɗauke, mutane suka koma cin ciyawar teku, zazzaɓi ya bi gida-gida. Masu sauran ƙarfi suka hau jirgin Amurka. Festy ya ba wani ɗan jirgi algaitarsa a kan buhun garin masara, wanda ya kai su kwana goma sha tara. Sabina ta rasu da bazarar 1847, aka binne ta ba akwati.

Da ya dawo daga makabarta ya tsaya tsakiyar ƙauye yana duban gidajen da babu hayaƙi. A nan tsoro ya kama shi, ba na mutuwa ba, don ita ya riga ya saba da ita. Duk wanda ya iya Jiran Masunta yana ƙasa ko yana hayin teku, saura shi kaɗai. Ya ce mutanen ɓoye su shanye yatsun in sun ga dama.

Kwana biyar ya yi a hanyar Galway, zazzaɓi na cin maƙogwaronsa. Da hantsi ya buga ƙofar Tisdall. Mutumin bai gane shi ba sai da ya ji sunan, sannan ya shigar da shi ya ba shi romo.

"Ɗauko takardar, yallaɓai," in ji Festy cikin raɗa.

Tisdall ya zauna da alƙalami. Festy ya buɗe baki zai rera, sai iska ta fito. Ya sake, tari ya turnuƙe shi. Algaita kuwa babu inda za a samo ta, mabusan garin duk sun rabu da nasu. Sai ya ɗora sandarsa a kan gwiwa, ya matse hammata kamar salkar na nan, yatsu suka shiga hawa da sauka a kan busasshen itace. Ya rufe ido, ya bi taken tun daga farko har ƙarshe.

"Festy, ba na jin komai."

"To dubi yatsun mana."

"Ban iya karanta yatsu ba, bawan Allah."

"Bari in sake a hankali."

Sau uku ya sake, Tisdall na kallo hawaye na zuba.

Bayan kwana tara Festy ya mutu a gidan gajiyayyu. Takardar ta daɗe cikin akwatin Tisdall, da sunan taken a sama, layukan ƙasa kuma babu ɗigo ko ɗaya.