Shodmon Nazarov da Sa Hannun da Ya Zo a Makare

Haihuwa da karatu

An haifi Shodmon Nazarov a shekarar 1951 a ƙauyen Sangi Kabud, cikin duwatsun Tajikistan. Mahaifinsa Nazar makiyayi ne, mahaifiyarsa Gulbibi kuwa ta rasu wajen haihuwa a 1960 kafin a kai ta asibiti, kuma tun daga ranar Shodmon bai ƙara sha'awar zama komai ba sai likita. Da ya rasa gurbi a kwalejin likitanci ta Dushanbe a 1968, malamansa suka ba shi shawarar ya fara da horon agajin gaggawa, ya yi aikin shekara uku, sannan ya sake nema da takardar amincewar shugabansa. Ya kammala horon a 1971.

Aiki

Aka tura shi tashar motar asibiti ta gundumarsu, ƙarƙashin Dakta Tohirov. Nan ya ƙware a tsayar da jini, ɗorin karaya da karɓar haihuwa cikin mota tana tsalle a kan duwatsu, har ta kai mutanen kwarin ba sa cewa a kira mota, sai dai a kira Shodmon. Wannan ƙwarewa ce ta cuce shi. A bazarar 1974 ya cike takardarsa ya kai ofis, Tohirov ya zuba masa shayi, ya ce, "Haba ƙanena, in ka tafi wa zan saka a motar nan, ni? Bari sai baɗi." Baɗi ta zo, aka sake zuba shayi. A tsawon waɗannan shekaru Tohirov ya sa wa ma'aikata huɗu hannu, cikinsu har da wanda ke suma in ya ga jini, domin rashinsu ba zai dame shi ba. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma fara'ar da aka yi shi da ita ta ƙara masa muni.

Aure da iyali

A 1976 Shodmon ya auri Mohbonu, malamar makarantar ƙauyen. Duk bazara ita ke goge masa rigar zuwa ofis, tana cewa, "Je ka sha shayinka, likitan baɗi." Kowace shekara ya kan so ya ajiye aikin, sai a zo da labarin mai naƙuda a bayan dutse, ya ɗauki jakarsa.

Sa hannu

Ƙa'idar wancan zamani ba ta karɓar ɗalibin da ya haura shekara talatin da biyar. A 1987, ranar walimar ritayarsa, Tohirov ya sa hannu a gaban jama'a, ya rungume shi, aka yi ta tafi. Shodmon yana da talatin da shida, kuma babu wanda ya fi mai sa hannun sanin haka. Shodmon ya naɗe guntun burodi a takardar ya kai wa yaransa.

Shekarun ƙarshe

A 1993, da yaƙin basasa ya kori likitoci, riƙon tashar ya faɗo hannunsa. A 2009 ma'aikaciya ɗaya tak ta rage masa, Zarrina Olimova, wadda hannunta ya kusa kamo nasa. Ta kawo takardar neman a sake ta zuwa karatu tana inda-inda: "Baba, in babu hali, sai baɗi." Ya ce, "Kul na ƙara jin kalmar nan a ɗakin nan. Miƙo alƙalami." Ya sa hannu a tsaye, ya san sarai ba za a turo masa kowa a madadinta ba, kuma ba a turo ba.

Rasuwa

Ranar 14 ga Janairu 2010, da hantsi, yana riƙe da ledar ƙarin ruwan wani mahaƙin kwal a bayan mota, ciwon zuciya ya buge shi. Daga shi sai direba, wanda bai san ko allura ba. Mahaƙin ya isa asibiti da rai, Shodmon bai isa ba. An binne shi washegari kusa da mahaifiyarsa a Sangi Kabud. Ya bar matarsa Mohbonu da 'ya'ya huɗu: Firdavs, Sitora, Bahrom da Gulbibi. A akwatinsa an tarar da takardu goma sha uku cike da rubutunsa, gurbin sa hannu fayau. Zarrina ce likitar kwarin a yau. Tashar kuwa, a 2012 aka raɗa mata sunan Dakta Tohirov.