Kifin Inna bai shiga tsibiri ba

Ina tsaye a filin jirgin tsibirin Mauritius, ƙafafuna sun kumbura da zama, wata ma'aikaciya tana zazzage mini jaka. Fasfo, katin allurar shawara, tikitin dawowa, duk na nuna. Sai ga bandar kifi cikin leda uku.

Ta yi magana da Kiriyol, harshensu. Ban ji ko kalma ba, amma na ga inda ta nuna: kwandon shara. Ashe ba a shiga musu da irin wannan.

Inna ce ta cusa shi ƙarƙashin kayana a Kurfi. Har madatsar ruwa ta Zobe ta aika aka samo mata.

Ranar na ce, "Inna, ruwa fa ya kewaye ƙasar nan, ba a rasa kifi."

Ta ce, "Na ji. To wa zai banda maka shi a can?"

Yanzu na iso masauki. Sau biyu Inna tana kira, na kasa ɗauka. Na san abin da za ta fara tambaya.

Jama'a, in ku ne, me za ku ce mata?