Ranar da Na Mayar wa Gwaggo da Dawarta

Duk abin da zan manta a duniya, ban da Lahadin godiyar kaka ta shekarar da na gama sakandare a Kankia. Har yau in ta faɗo mini a rai, sai abinci ya fita kaina.

Majami'armu ƙarama ce, a wani ƙauye kusa da Dudunni. Da yake ni ce mai sabon karatu, sai aka ba ni aiki biyu: in tsaya bakin ƙofa in karɓi hatsin da kowa ya kawo baiko ga Allah, sannan in yi karatun Littafi Mai Tsarki na ranar. Kai ya kumbura.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Amma tana dafa burukutu, don haka dattawa suka sa ta horo: bencin baya take zama, ba ta cin jibin Ubangiji, wato gurasar tunawa da Yesu. A makaranta an sha yi mini gori da ita, ni kuwa na ƙullace ta.

Sai ga ta a layi da ƙwarya cike da jar dawa, an sheƙe ta tas.

Na ce, "Gwaggo, wannan ba ragowar ta giya ba ce?"

Ta ce, "Haba ɗiyata. Ita na fara yanka a gona, na ware ma Ubangiji."

"Ki maida ta gida. Ba za a haɗa ta da ta mutane ba."

Ba fasto ya sa ni ba, ba dattijo ba. Bakina ne kawai. Ta dube ni ta ce, "To, malama." Ba ta taɓa kirana haka ba. Ta wuce bencinta, ƙwarya a cinya.

Saboda ji da kai ban ko duba wurin da zan karanta ba sai da na hau gaba. Ashe misalin nan ne da Yesu ya bayar, na mutum biyu da suka je addu'a: ɗaya yana lissafa wa Allah kirkinsa, yana godiya don bai zama kamar na kusa da shi ba, ɗayan ya tsaya nesa yana bugun ƙirji, jinƙai kawai yake roƙo, shi ne kuma aka karɓa. Na ɗaga ido na hango Gwaggo can baya, kai a sunkuye, leɓɓanta na motsi. Da ƙyar na kai ƙarshe.

Kada ku ɗauka na je na durƙusa mata. Da aka tashi, babana ya ce, "Ke, wuce ki ba ƙanwata haƙuri." Na ce, "Baba, ƙarya na yi mata?" Na sani sarai na yi laifi, girman kai ya riƙe mini ƙafa. Kullum sai in ce gobe. Bayan sati biyu ta tattara ta koma wurin ɗanta a Kankia, kafin ruwan fari kuma aka aiko mana ta rasu. Wurin jana'iza ɗan nata ko gaisuwata bai amsa ba.

Abin da na koya da zafi ne. Iya karanta maganar Allah a gaban jama'a bai zama bangaskiya ba, kuma wanda aka tsayar bakin ƙofar gidan Allah ba shi ne mai gidan ba. Yanzu in na ɓata wa mutum, ranar nake neman gafara. Wadda ta fi cancanta in roƙa dai ba ta nan.