Sunan da Ulbosin Ba Ta Taɓa Furtawa Ba

Shekara talatin da huɗu Amantai ya yi yana tuƙa bas tsakanin garuruwan Karaganda da Karkarali, bai taɓa tsayawa tambayar hanya ba, kuma yana alfahari da hakan. Da ya ajiye aiki, maimakon ya zauna ya sha shayinsa kamar sauran tsofaffi, sai ya ɗauko wa kansa Dala ba gammo.

Abu guda ke cin ransa. A wajenmu ana cewa wanda bai san kakanninsa bakwai ba maraya ne, shi kuwa uku kacal ya sani: ubansa, kakansa Sarsen, sai uban Sarsen, Jomart. Daga nan igiya ta tsinke. Yunwar 1932 ta share ƙauyensu kaf, har da Sarsen. Ulbosin, matar Sarsen kuma kakar Amantai, ita kaɗai ta fita, a ƙafa, da jariri a ƙirji da jakar busasshen cuku a kafaɗa. Jaririn shi ne uban Amantai. In an tambaye ta yadda ta rayu a hanya, sai ta ce, "Jomart-ata ne ya ba ni guzuri." Ata a harshenmu kalmar girmama dattijo ce. Daga nan ba ta ƙara ko uffan.

Shekara uku Amantai yana sintiri zuwa ma'ajiyar tsofaffin takardu. Ya bi littattafan ƙidayar gidaje ƙauye bayan ƙauye, ya bi rajistar mamata, yana jan yatsa a kan sunayen masu gida. Zaure, matar da ke kula da ɗakin karatu, har kujerar bakin taga take ajiye masa saboda idonsa. Ya samu Jomart guda biyar. Ɗaya ya rasu yana ɗan shekara huɗu, ɗaya 'ya'yansa duk mata, sauran ba su ma san yankin ba.

Wata Alhamis ya dawo gida jiki a sanyaye, ya tarar da matarsa Kulash tana soya gurasa bakwai ta sadakar mamata.

"Tsoho, yau ma ƙurar ka shaƙo ka dawo?"

"Kamar ƙasa ta haɗiye Jomart ɗin nan. Mutum da gida da 'ya'ya, a ce ko layi ɗaya babu."

Ta juya gurasar a cikin mai. "Shekara arba'in ina gidanku. Ka taɓa jin sunan babanka a bakina?"

Sai ya tuna. Mai Agogo take ce wa baban nasa, har ya koma ga Allah.

"To, ni ke nan da na yi boko har na koyar. Ina ga Ulbosin? Kana ganin za ta buɗe baki ta kira sunan uban mijinta? Laƙabi ta sa masa. Jomart, wato mai kyauta. Babanka ya taso ba wani babba a dangi, ya ɗauka sunan yanka ne."

"Kuma shekara uku kina kallona ina wahala?"

"Ka tambaye ni? Kai da ko hanya ba ka tambaya."

Washegari ya koma, ya roƙi Zaure ta sake fito masa da littattafan da ya riga ya gama. Wannan karon ya bar sunayen masu gida, ya sauka ƙasa inda ake jera mata, wurin da a da yake tsallakewa. A rana ta tara ya gan ta: Ulbosin, matar ɗa, shekara goma sha tara. A samanta Sarsen. A saman Sarsen, mai gida, Orazbai. Sau biyu a baya ya wuce shafin nan.

Zaure ce ta nemo masa takardar mutuwar. Orazbai, shekara sittin da ɗaya, watan Maris 1932, sanadi: yunwa. Amantai ya cire tabarau. Kakarsa ta sha faɗa cewa ta bar ƙauye lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, wato a watan nan. Ashe jakar cukun nan ita ce duk abin da ya rage a gidan. Tsohon ya miƙa wa matar ɗansa, ya zauna yana jira. Amantai ya yi kuka a gaban mutane, bai ji kunya ba, don godiya ce ta cika masa ƙirji.

Da sunan Orazbai a hannu, sauran ya zo da sauƙi. Wani dattijo mai riƙe da salsalar ƙabilarsu ya lissafo masa huɗun da suka rage kafin shayi ya huce.

Alhamis ta zagayo, Kulash ta jera gurasa bakwai, 'ya'ya da jikoki suka zauna. Amantai ya ɗaga hannu ya kira sunaye bakwai ɗaya bayan ɗaya, a gurbin na ukun ya ce Orazbai. Da aka shafa, ya dubi matarsa.

"Tsohuwa, ke kika nemo shi. Faɗi sunansa ko sau ɗaya."

Kulash ta gyara ɗankwalinta, ta sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙan Jomart-ata," in ji ta.