Tunkiyar da na yi wa allura

Shekarun baya, lokacin da wani purje na taimako ya buɗe ƙaramin labo, ɗakin gwajin cuta, a nan Filinge, ni ce mai dafa wa ƙwayoyin cuta abinci. Kada ku yi dariya, aikina ke nan. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na shiga kurdadi, makarantar manya, na koyi riƙon bik, abin rubutu. Da shara da wankin kwalabe aka ɗauke ni a labon. Shef ɗinmu, shugaban labon, wani saurayi da na girme shi nesa ba kusa ba, ya ga ina karanta abin da ke jikin gwangwanaye da ƙarfi kamar mai faɗa da su, sai ya fara koya mini aikin.

Ƙwayar cuta ba ta ganuwa sai an kiwata ta ta yi yawa. Akwai wani gari da ake ce wa jeloz. In auna shi a sikeli, in dama da tataccen ruwa, in sa a tukunyar tururi ya dahu. Idan ya fito in jira ya huce har in iya jingina kwalbar a kumatuna ba ta ƙone ni ba. Sannan in zuba jinin tunkiya kaɗan, in juya a hankali, in zuzzuba cikin ƴan faranta masu murfi, ya daskare ja wur. Shef ya shafa ruwan miki a kai, ya sa a akwatin ɗumi. Washegari sai ka ga ɗigo-ɗigo sun fito kamar an watsa hatsi. Daga nan ake gwada magani a kansu, a ga wanda ke kashe su.

Tunkiyar da muke ɗibar jininta a gidana take zaune, don labon ba shi da turke. Ranar da aka danƙa mini ita Shef ya ce, "Tanti, sharaɗi guda ne. Jinin lafiyayyar dabba muke so." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake kiwo.

Wata damina tunkiyar ta fara tari, majina na zuba. Na tuna maganar Shef, na ga kwana biyu ya rage a ɗebi jini. Ranar Lahadi na shiga kasuwa wurin mai maganin dabbobi, na sayo allurar nan da ke daɗewa a jiki, wadda kowane mai turke a nan ƙasarmu ta Kurfai ya sani. Na yi mata da hannuna, na ma ɗan ƙara a kan abin da ya ce, don ni ban iya yin abu rabi ba. Ban gaya wa kowa a labo ba. Wa ke zuwa wurin shugabansa ya ce tunkiya ta yi tari? Ran Talata ta miƙe garau, muka ɗebi jini a jijiyar wuyanta, na dafa abinci, na zuba faranta. Har ina yaba wa kaina yadda suka yi kyau.

Ran Laraba aka kawo ƙawata a amalanke. Benci ɗaya muka zauna a kurdadi shekara uku. Hauya ta sare ta a ƙafa wurin noma, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da aiki, har ƙafar ta kumbura tana wari. An gwada magani iri biyu, ba wanda ya ci. Likita ya ce a gabana, idan zuwa Litinin labo bai faɗi maganin da ya dace ba, sai Yamai, kuma ba ya ba da tabbacin za ta dawo da ƙafa biyu.

Ita kuwa tana kwance tana tsokanata. "To, Dokotoro, yau ga ni a hannunki. Ki tuna ni nika ara miki bik."

Na ce, "Da kin zo tun ranar da kika sare, da ba ki cika mana ɗaki da wari ba."

Ranar Shef ya shafa ruwan mikinta a farantina. Alhamis da safe na riga shi buɗe akwatin ɗumi. Farantin na nan ja wur, sumul, ko ɗigo ɗaya babu. Ya ce wataƙila magungunan da ta sha ne suka danne ƙwayar. Ya sake ɗibar ruwan mikin ya shafa. A wani farantin kuma ya shafa wata ƙwaya da yake ajiye da ita a firigo don gwaji, wadda ya ce ko a kan dutse aka sa ta sai ta tsiro. Juma'a muka buɗe. Duka biyun babu komai.

Ya juyo ya dube ni. "Tanti, abincin ne. Garin nawa kika auna?"

Na jawo kaye, littafin da nake rubuta awo, na dangwara masa a gaba. Ya tambayi zafin tukunya, na faɗa. Ya tambaya ko na zuba jinin da sauran zafi. A nan na tashi masa. Na ce don na yi karatu da furfura ba shi ne zai sa a ɗora mini kowane laifi ba, ya je ya duba akwatinsa na ɗumi da ke mutuwa duk lokacin da wuta ta ɗauke. Na sake auna gari a gabansa, na sake dafawa, na ɗauko sauran jinin nan a firigo na zuba. Asabar da safe, babu komai.

Kwanakin nan ban zauna wuri ɗaya ba. In shiga labo in duba sikeli, in fita in leƙa ƙawata, in kasa tsayawa in komo. Na wanke kwalaben da na riga na wanke. Na ɗanɗana tataccen ruwan da harshena, abin da aka hana. Kumburin ya wuce idon sawu ya kama hanyar gwiwa, ita kuma ta daina tsokana. Wannan shirun nata ya fi komai tayar mini da hankali.

Da azahar na koma gida don kawai ƙafafuna su sami inda za su. Mahaifiyata na zaune bakin ɗaki da ƙwarya a gabanta tana mita. Ta sayi madara jiya wurin wata mai shanu, ta zuba mata tsohon nono ta rufe, ga shi har yanzu ruwa tsululu, bai kama ba.

Ta ce, "Ta yi ma saniyar allura ta ɓoye mini. Nonon dabbar da anka yi ma allura ba shi kamawa, ko kwana nawa za ya yi. Maganin na nan ciki."

Ina tsaye da buta a hannu. Tunkiyar na turke tana tuƙa, tana kallona, lafiyarta lau.

Na ce, "Inna, cikin jini fa?"

Ta ce, "Ke wagga, daga ina nonon ka samo shi in ba daga jini ba?"

Ban san lokacin da na isa labo ba. Na tarar da Shef yana kwance bayan akwatin ɗumi da sukurdireba, yana neman laifin da na ce ya nema. Na ce ya tashi ya bar akwatin nan, ba shi da laifi. Na faɗa masa komai, har ƙarin da na yi. Ya daɗe yana goge tabarau.

"Tanti, mi ya hana ki faɗi?"

"Ka ce lafiyayya kake so. Na warkar maka da ita."

Ya ce, "Kin dafa musu abinci da guba a ciki, sau biyu. Ina za mu sami dabbar da muka tabbata ba a yi wa allura ba, yau ɗin nan?"

Na san guda ɗaya. Ragon layyar mahaifiyata, wanda take ba dusa da hannunta, ba ta yarda ko ganyen maƙwabta ya ci. Da na faɗa mata ta riƙe igiyar da hannu biyu. "Ragon layyata za a zuƙe ma jini tun Salla ba ta zo ba?" Na ce abin bai kai kofin shayi biyu ba, kuma ƙafar mutum ce. Ta biyo mu har labo, ta riƙe masa kai da kanta, tana gaya wa Shef idan ya rame, ni za ta yanka a madadinsa.

La'asar ta yi mini ina zuba faranta. Lahadi da safe ɗigo-ɗigo suka cika farantin, ban taɓa murnar ganin cuta irin ta ranar ba. Shef ya shafa su a sabon faranti, ya jera ƴan takardun magani a kai. Litinin, motar Yamai na jira, muka ga fili ya buɗe kewaye da takarda ɗaya, alamar maganinta ne ke kashe ƙwayar. Likita ya sallami motar.

Ƙawata ta koma gida da ƙafarta, ban da ƙananan yatsu biyu da suka riga suka mutu. Na tambayi Shef ko kwana ukun da na ɓata ne suka ci su. Ya ce ba wanda zai iya sani. Na fi son da ya ce e ko a'a.

Ban bari ta ji a bakin wani ba, ni na zauna bakin gadonta na faɗa mata. Sai ta ce, "Ita tunkiyar ta warke?" Na ce ta warke. Ta ce, "To madalla, ko ɗaya cikinmu ta amfana da ke."

Bayan haka na buɗe wa tunkiyar kaye nata, ko gishiri ta lasa sai na rubuta. Labon ya rufe tuntuni, amma har yau idan an ba ni doka sai na tambayi dalilinta, ko da mai ba da dokar sa'an ɗana ne. Ban yi sakaci a aikin nan ba, kulawa na yi irin wadda na sani, kuma na ɗauka abin da na sani ya isa. Na yi shekara uku a benci don in wuce mahaifiyata, ita ce kuma ta karanta mini farantin daga cikin ƙwarya.

Ƙawata na nan, tana sayar da kuka da kuɓewa a kasuwa. Tun daga nesa nake gane ta da ɗingishinta. Idan na iso ba ta tambayar jikokina, sai ta gyara mini wuri a tabarma ta ce, "Dokotoro, ya mai tari?"