Sunan da Ba a Kira a Kan Dutse

Borhan ba ya fita daga gida sai da ƙullin asam a aljihun rigarsa, busasshen ɗan itacen nan mai tsami da gishiri. Da bas ta bar Bentong ta fara hawa, sai ya bi kujeru yana sa wa kowa ƙwaya ɗaya a tafin hannu.

"A tsotsa, ban da tauna. Kwanar da ke gaba ba ta san Hajiya ba, ba ta san Alhaji ba."

Shi kansa bai taɓa sa shi a baki ba. Wai yana kashe masa haƙora.

A ƙauyen Lubuk Temu aka haife shi, gidan masu tsagar roba. Aikin roba yana son mai haƙuri, a tsaga itace a jira ya ɗiga. Borhan kuwa sai ya tsaya kan ƙoƙon da ke tarar ruwan robar yana buga ƙafa, kamar zai yi wa itacen faɗa. Ubansa ya gaji ya sallame shi. Ya yi kwandasta, ya sayar da 'ya'yan itacen duriyan a bakin titi, ya taɓa gadi na ɗan lokaci aka ce ya cika yawo. Daga ƙarshe ya samu abin da ya dace da ƙafarsa: kai mutane saman dutse da safe, wurin wasanni da manyan otal-otal, ya dawo da su kafin magariba. Akwai kujerar ɗan jagora a gefen direba. Maniam direba, wanda suka tsufa tare a wannan hanya, a kanta yake ajiye kwanon abincinsa, don ya san ba mai zama.

Matarsa Zaharah takan ce duk kayan gidansu sun tsufa ban da kujerar maigidan.

Tafiyar da har yau ake rage murya in za a yi zancenta, ta matan ƙauyensu ce, masu haɗuwa karatun Yasin. Sun yi ankon mayafi ruwan ƙwai, sun ɗaure shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Inna Senah ce kaɗai ta ce ba za ta ba. Mijinta ya fara mantuwa. Tsohon da a da yake shiga daji ya kwana yana saran kara na saƙa kujeru, yanzu sai ya tsaya a tsakar gidansa yana tambayar hanyar gida. Duk ƙauyen Baban Mazni suke ce masa, ita kuwa Yaya take ce masa, tun ranar da aka kai ta ɗakinsa.

Borhan ne ya je har gindin matakalarta, bai hau ba, yana jujjuya makulli a yatsa.

"Inna, yaushe rabonki da fita? Ki zo da shi. Sanyin can magani ne."

"Ba ya zama wuri ɗaya, Borhan."

"To ai mun zama biyu. Ni zan riƙe shi. Hannunsa a hannuna har mu dawo."

Ta dube shi. Sannan ta ce to.

A tashar ƙasa suka bar Maniam da bas, suka shiga motar waya, akwatunan gilashin nan da ke rataye suna hawa bisa kan daji. Hajiya Maimon, shugabar matan, ta runtse ido tana salati, tana kuma leƙawa da ido ɗaya.

"Borhan, in wayar nan ta tsinke, kai zan fara kamawa a lahira."

"Hajiya, ai sai kin same ni a zaune tukuna."

Baban Mazni ya manna goshi a gilashi yana kallon kan itatuwa a ƙarƙashinsu, leɓɓansa suna motsi.

A sama rana ta fito tas. Kiɗa ta ko'ina, jirgin wasa yana kifa mutane yana tayar da su suna ihu, ga ƙamshin masara da man shanu. Borhan na gaba da 'yar tutarsa, ɗaya hannun riƙe da tsohon. Ya nuna musu ƙofar gidan caca ya ce, "Nan dai Hajiya kaɗai aka sani." Ta kai masa duka da jaka. Aka hau dawakan katako masu zagaye, aka yi hotuna, aka yi azahar, aka kwance ganyen ayaba.

Bayan cin abinci ne abin ya taso. Wasu mata suka maƙale a ƙofar gidan wasan ƙanƙara, na'ura ta ƙi karɓar tikitinsu, suna ɗago masa hannu. Inna Senah ta shiga banɗaki. Borhan ya dubi ƙofar, ya dubi tsohon da ke zaune a benci yana lasar yatsa. Ƙafarsa ta riga ta fara rawa.

"Baba, zauna nan. Yanzun nan."

"To," in ji tsohon, cikin ladabi.

Bai daɗe ba. Kowa ya shaida bai daɗe ba. Amma a kan dutsen nan gajimare ba ya sallama. Kafin ya juyo fari ya rufe filin, fitilu sun zama ɗige-ɗige, ihun masu wasa yana zuwa ba a ganin masu yinsa. Bencin yana nan. Ganyen ayaba yana nan, an ninke shi da kyau.

Borhan ya zaga bencin. Ya zaga rumfar masara, ya leƙa masallaci, ya leƙa banɗakin maza ɗaki-ɗaki. Da ya dawo matan sun taru, Inna Senah a tsakiyarsu tana goge hannu da gefen mayafi, ta goge ta sake gogewa. Wata daga cikin matan ta kai hannu baki za ta ƙwala kira, Hajiya Maimon ta damƙe ta.

"Ke! A ina kike tsammanin kike? Kasuwar Bentong?"

"Hajiya, wurin wasa ne fa."

"Siminti ne a sama. Ƙarƙashinsa fa? Masu wurin ba su tashi ba don an kawo lilo."

Duk wanda ya tashi a Lubuk Temu ya san ba a kiran mutum da sunansa na yanka a daji ko a kan dutse. Mutanen ɓoye suna ji. In suka riƙe sunan, su ma sai su kira shi da shi, da muryar wanda ya sani, ya bi.

Suka watsu bibbiyu suna kiran "Baban Mazni! Baban Mazni!" Gajimaren yana haɗiye kiran. Inna Senah ta bi bayan Borhan, ta ce a hankali, "Ya bar amsa wannan tun azumi. Ba ya tuna yana da Mazni."

"Yaya fa?"

"Wata rana ya juyo. Wata rana ya duba bayansa ya ga wa nake nufi."

Borhan ya ruga ofishin cigiya. Matar da ke kan tebur ta jawo abin magana na lasifika kusa da bakinta.

"Sunansa?"

Ya buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshensa, ya san shi tun yana yaro. Shi da ya yi shekaru yana yi wa baƙi ba'a da labarin mutanen ɓoye, har yana kwaikwayon muryarsu a bas. Sai ga shi bakinsa yana masa zafi daidai inda ubansa ya taɓa make shi a cikin gonar roba, ranar da ya ƙwala wa wansa kira.

"Baba, sunansa nake tambaya."

"Ki ce Baban Mazni. Tsoho, farar hula, riga ruwan toka."

"Sunan da ke katinsa fa?"

"Ki faɗi haka dai, 'yata."

Ta faɗa, da harshe uku. Lasifikoki suka amsa daga kowace kusurwa. Ba wanda ya zo.

Wayarsa ta yi ƙara. Maniam ne daga ƙasa.

"Kai, mai ƙafar kaza, ana walƙiya ta wajen Raub. In ta iso za su tsayar da motar waya. Ka tattaro 'yan matanka."

Borhan ya gaya masa.

"To ka sa a kira sunan mutumin mana!"

"Ba a yi."

"Wa ya hana? Gwamnati? Borhan, tsoho ne cikin sanyi, ba riga mai kauri. Ni in na ɓace ka kira ni Maniam ɗan Perumal da ƙarfi, kowa ya ji, har su."

Ya kashe wayar. Ya hau bene ya sauko, ya shiga kantuna, ya kama hannun wani tsoho da ba shi ba ne ya ba da haƙuri. Masu gadi biyu suka shiga neman da fitila a hannu da rana tsaka. Yayyafi ya fara, mai sanyi kamar allura. Sau biyu yana komawa ƙofar ofishin cigiya, sau biyu yana wucewa. Tutar tana hannunsa har lokacin, ya manta da ita, yana ta kaɗa ta ba mai bi.

A ƙarshen filin ya same su, bayan wani gini da aka yi kamar fadar Turawa, inda kiɗa ke raguwa. Nan shingen ƙarfe yake, bayansa gangare ne da daji. Inna Senah ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Hajiya Maimon tana gefenta tana jan mayafinta.

"Senah, zo mu koma ciki. Masu gadi suna nema."

"Nan zai zo. Tun a waya yake kallon itatuwa."

"To mu jira a nan, mu yi addu'a."

Inna Senah ta juyo ta dubi Borhan. Ba harara ba ce. Kallon wanda ke jira ne ko za a ɗauke masa kaya. Borhan ya dubi takalminsa.

Ta juya ga dajin. Ta gyara tsayuwa. Karo na farko muryar ba ta fita ba, leɓe ne kawai. Matar da ta haifa masa 'ya'ya, ta aurar da su, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, ko a asibiti 'yarta take turawa ta faɗa.

"Senah, ki rufa mana asiri!" in ji Hajiya Maimon.

"Tajudin!"

Dutsen ya maido mata da shi. Matan suka dafe ƙirji.

"Tajudin! Kai Tajudin!"

Can daga ƙasa, ta hagu, wata 'yar murya kamar ta yaro mai amsa wa uwarsa ta ce, "Na'am, Inna. Ga ni nan zuwa."

Akwai wata ƙaramar ƙofa a shingen, ta ma'aikata, da matakalar siminti mai gangarawa. Borhan ya tsallake ta bai taɓa sakata ba. A matakin farko ya ga takalman tsohon, an jera su gefe guda kamar yadda ake yi in za a shiga gidan mutane. Shi kuma yana can ƙasa inda siminti ya ƙare, zaune, ya jiƙe sharkaf, yana karkarwa, da wani ɗanyen reshe a hannu yana fere shi da farce.

Borhan ya goya shi. Ba nauyi.

Sun samu motar waya kafin a tsayar. A bas Maniam ya kashe na'urar sanyi, ya ba da tawul ɗinsa, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Inna Senah ta lulluɓe mijinta da mayafin anko, tana murza masa ƙafa. Borhan ya tsaya a kansu, yana riƙe da ƙarfen sama.

"Inna…"

"Ka samu wuri ka zauna, Borhan. Kana tare masa iska."

Ya koma gaba. Ya tsaya.

Tsohon ya yi mura ya warke. Sai dai daga ranar bai ƙara amsa sunan nan ba, ko da 'yarsa ta gwada a cikin ɗaki. Likitan Bentong ya ce haka ciwon yake tafiya, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Maimon kuwa ta yawaita kai musu abinci. Inna Senah ba ta fasa gaisawa da Borhan ba. Tana amsawa, tana tambayar Zaharah, shi ke nan.

Ya ci gaba da hawa dutsen, amma ya daina ba baƙi labarin mutanen ɓoye. Wata ranar hutu ya shiga bayan gari ya saro gora siriri, ya zube a ƙarƙashin gidansa, da yake gidan a kan ginshiƙai yake. Zaharah ta tambaya, ya ce usur zai yi, ya rataya wa kowane tsoho a wuya in za a hau. Wanda ya ɓace ya busa, a bi sautin, ba sai an kira kowa ba.

"Ana sayar da na roba a kanti," in ji ta.

"Na roba ba ya kaiwa nesa."

Na farkon na Baban Mazni ne, ko da yake kowa ya san ba za a sake hawa da shi ba. Borhan yakan yanka gaɓa ɗaya, ya kankare, ya tashi ya leƙa titi, ya dawo ya ce ta yi kauri, ya ɗauki wata. Aikin yana son a zauna.

Damina ta gaba Borhan ya faɗi a tashar Bentong, da safe, yana kiran fasinja su shiga. Bai kai asibiti ba.

Gorar tana nan ƙarƙashin gidan, ta bushe. Akwai guda da ya kusa gamawa: ya kankare ta sumul, ya huda wurin igiya, ya zana da fensir inda zai yanka bakin busawa. Wuƙar tana soke a ginshiƙi kusa da ita. Zaharah ta ce a bar su a wurin.